Baba Ilu da Haruffan Igiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da makarantar boko a ƙauye ba ta wuce aji huɗu. Sunansa Iliyasu, amma duk garin Baba Ilu suke ce masa. Makaho ne. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa zancen zai tsaya.

Ba da makantar aka haife shi ba. Yana yaro ya yi shekara uku a elemantare, ya iya haɗa baƙi, har ya fara rubuta sunansa, sai ƙyanda ta shigo garinsu. Ta kwashe yaran da ta kwashe, shi kuma ta bar masa rai ta tafi da idanun. Bai ɗauki sandar bara ba. Tufka ya koya. Igiyar guga, ragamar doki, dabaibayin jaki, duk yana yi, kuma in ya tufke maka igiya sai ka gaji da ita ka ba wani, ba ta tsinke ba.

Wurin zamansa jikin bangon makaranta ne, ƙarƙashin wata darbejiya. Wanda ya san kasuwa ya san wannan wuri ba na banza ba ne, domin hanyar kasuwar kara ta nan ta bi, duk mai jan sa ko tunkiya sai ya gifta ta gabansa. Ga inuwa, ga masu saye. A saman kansa kuma tagar aji uku ce. Shekara ashirin yana zaune a gindin tagar nan, hannu na tufka, kunne na cikin aji. Malam ya faɗa, yara su amsa. Malam ya faɗa, yara su amsa. Har littafin karatun nan ya zauna a kansa daram, ya san inda kowane shafi ya fara da inda ya ƙare.

To, a shekarar da nake ba ku labari, akwai wata yarinya a ajin, Hansai, 'yar wani mahauci da ake kira Ɗan'azumi. Shekararta ba ta wuce goma ba. In aka tashe ta karatu, jama'a, sai ka ce ruwa ake zubawa daga buta. Ba tsayawa, ba gargada. Malamin ajin, wani saurayi Malam Sadisu, in baƙi suka zo makaranta ita yake tsayarwa. Uban kuwa kada ka soma zama a bakin tukubarsa, domin kafin tsirenka ya gasu ka ji labarin Hansai sau uku. Danginsa sun yi masa surutu da ya sa 'ya mace a boko, shi ko ya kafe, yanzu yarinyar nan ita ce amsarsa gare su.

Ku saurara ku ji abin da masu ido saba'in ba su gani ba.

A littafin akwai wani wuri da shafi ya ƙare a tsakiyar magana. Shekara ashirin, duk yaron da ya kawo nan sai ya ɗan tsaya, a ji ƙarar takarda, sa'an nan ya ɗora. Ran nan Hansai ta zo wurin, ta wuce fiu, ta yi kalma biyar a cikin sabon shafi, sa'an nan Baba Ilu ya ji takarda ta yi motsi. Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ya ce a ransa wataƙila kunnena ne. Kashegari ya kasa kunne, aka sake. Rana ta uku ma ba ta juya ba sam, sai da ta ji na kusa da ita sun juya.

Da aka tashi tara, yara suka watso waje, ya ɗaga murya.

“Hansai 'yar Ɗan'azumi, zo nan.”

Ta zo ta durƙusa. “Ina kwana, Baba. Ya aka yi ka san ni ce?”

“Takalminki ɗaya ya tsinke, tun shekaranjiya yake jan ƙasa. Zauna. Littafinki na hannu?”

“Ga shi.”

“Buɗe duk inda kika so. Sa yatsa a kan kalmar ƙarshe, can ƙasan shafin. Me ta ce?”

Shiru.

“Baba, bari in faro daga sama.”

“A'a, 'yar nan. Ta ƙasan nake so.”

Ya ji numfashinta ya canza, sa'an nan ya ji wani abu ya ɗiga a kan takarda.

“Don Allah, Baba, kada ka gaya wa Malam. Don Annabi kada babana ya ji.”

Ya bar ta ta yi kukanta. Da ta lafa ya tambaye ta yadda abin yake. Ta ce ita in ta kalli shafi, baƙaƙen ba sa tsayawa wuri ɗaya, kamar tururuwa suke mata, ta kama wannan wancan ya gudu. Tun aji ɗaya haka take. Amma in wani ya karanta ta ji sau ɗaya ko biyu, shi ke nan ya zauna. Sai ta riƙe littafi a gabanta tana zubo abin da ke kanta, ana tafa mata.

Baba Ilu ya ce, “Ba zan kai ƙararki wurin kowa ba. Amma ki ji da kyau, in aka tsare ni aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. Kunnen nan naki kyauta ce daga Allah, ni na fi kowa sanin darajar kunne. Sai dai baɗi za ki shiga aji huɗu, ranar jarrabawa takarda za a ajiye miki, kowa ya yi tsit, babu mai karantawa ki ji. Ran nan me za ki zubo?”

Ta rufe littafin ta miƙe.

“Gobe in an tashi tara ki dawo.”

Yanzu ku tsaya mu yi maganar duniya. Ina ruwan Baba Ilu? 'Yarsa ce? Albashi ake ba shi? Malam na murna, uba na murna, yarinya na shan tafi, kowa ya samu abin da yake so. Ni na yi yawo, na zauna da mutane iri iri, na kuma san cewa a cikin goma, tara za su ce Allah ya kyauta su ci gaba da tufkarsu. Shi wannan bawan Allah ya kasa. Abin da ya tsaya masa shi ne, shi ya taɓa riƙe karatu a hannu aka karɓe, ya san zafin rashinsa. Ga yarinya da idanu biyu lafiyayyu za ta tashi babu shi, kuma ba wanda ya sani sai shi.

Da ya koma gida ya sa matarsa Yalwa ta jiƙa masa ƙaro. Ya tufka wata siririyar igiya, ya tsoma a ruwan ƙaron, ya lanƙwasa ta da yatsu yadda ya tuna siffar baƙaƙen da ya bari tun yana yaro, ya jera a faifai ya shanya a rana. Suka bushe suka sandare. A bakin kowanne ya yi ɗan ƙulli, wato nan ne alƙalami ke farawa.

Yalwa ta ɗaga ɗaya ta juya shi. “Malam, wannan wace irin igiya ce? Ko ɓera ba za ta ɗaure ba.”

“Abin da za ta ɗaure ya fi ɓera gudu. Ajiye mini kar ki karya.”

Kashegari ya ɗora wa Hansai guda ɗaya a tafin hannu. “Rufe ido. Nemo ƙullin. Bi shi da yatsa har ƙarshe. Ya gudu?”

“Bai gudu ba.”

“Ina zai je, kina riƙe da wuyansa? To buɗe ido ki kalle shi. Yanzu nemo ɗan'uwansa a littafi.”

Haka suka fara. Baƙi ɗaya, sai ta shafa, ta faɗi sautinsa, ta zana shi a ƙasa, ta nemo shi a takarda. In biyu suka zauna sai ya jera su a tabarma ya ce ta ɗaura su. Ya tsaga wani ɓallen kaba ya yi masa 'yar taga, ta riƙa ɗorawa a shafi don layi ɗaya kaɗai ya leƙo, sauran su ɓuya. Da yake ya san wayonta, sai ya hana ta karanta layi daga farko. Daga ƙarshe take farawa tana komowa baya, kalma kalma, inda hadda ba ta da amfani. Shi kuwa littafin na kansa, ko ta ina ta biyo yana jiran ta. In ta yi cinke ya ce, “Wannan bakinki ne ya faɗa, ba idonki ba. Koma.” Wata rana kalma uku kaɗai za su yi har a kaɗa ƙararrawa. Wani baƙin sai da suka yi kwana tara a kansa. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Alkawari ɗaya ya karɓa daga gare ta, cewa ba za ta ƙara furta kalmar da idonta bai kama ba.

To alkawarin nan shi ya jawo rigima.

Bayan wata biyu wani babban jami'in ilmi ya kawo ziyara. Malam Sadisu ya gyara riga ya ce, “Hansai, tashi.” Hansai ta tashi, ta sa yatsa a littafi, ta shiga kama kalmomi ɗaya ɗaya tana tuntuɓe. Layi biyu sai da ta yi gumi. Baƙo ya yi gyaran murya ya rubuta wani abu ya fita. Kafin azahar yara sun gaya wa Malam inda take zama lokacin tara, kafin la'asar magana ta kai tukuba.

Suka iso gindin darbejiya tare, malam da uba, yarinya a bayansu tana kuka, 'yan kallo kuma suka taru kamar yadda kuka san mutanenmu.

Ɗan'azumi ya ce, “Baba Ilu, ina ganin girmanka, ka haife ni. Me ka yi wa 'yata? Yarinya tana karatu kamar rediyo, yanzu an ce sai i'ina take kamar an shaƙe akuya. Wani abu ka ba ta ta sha?”

Malam Sadisu ya sunkuyo kusa da kunnensa ya yi ƙasa da murya. “Baba, kada mu ja zancen nan. Ka ce wasa kuke yi ya rikita ta, ka ce ka daina. Ta koma yadda take, kai ma ka zauna a inuwarka. In ba haka ba, bangon nan na makaranta ne, ka sani.” Sa'an nan ya miƙe ya ɗaga murya don jama'a su ji. “Gaya wa mahaifinta. Kai kana jin ta kullum ta taga. Kafin ta fara zuwa wurinka, ta iya karatu ko ba ta iya ba?”

Ku saurara, nan ne wurin. Kalma ɗaya zai faɗa ya tsira da inuwarsa da cinikinsa, malam ya tsira da mutuncinsa, uba ya koma yana fahariya, yarinya ta daina kuka. Yana jin sheshsheƙarta a hagunsa. Ya juya fuskarsa wajenta, ya daɗe, sa'an nan ya ce:

“Da ba ta iya ba. Yanzu ne ta fara.”

Wuri ya kaure. Wani mai jan akuya ya ce, “Yau ga ikon Allah, makaho ke gaya wa masu ido wanda ya iya karatu!” Aka bushe da dariya. Baba Ilu ya bari dariyar ta wuce, ya bayyana musu zancen juya shafi, ya ce duk mai shakka ya buɗe littafin aji huɗu da ba ta taɓa ji ba ya miƙa mata. Ba wanda ya motsa. Ɗan'azumi ya juya ya kalli 'yarsa.

“Hansai, gaskiya ne?”

Ta gyaɗa kai.

Wanda bai taɓa yin fahariya da abu shekara uku ba sa'an nan a kwance masa zani a gaban mutane, ba zai gane abin da mahaucin nan ya ji ba. Ya ce, “Ashe dangina sun fi ni gaskiya. Shi ke nan, an gama boko. Gobe ki ɗauki tiren nama ki bi gari.”

Ya juya zai tafi, Baba Ilu ya lalubo bakin rigarsa ya riƙe gam.

“Ɗan'azumi, sa nawa ka taɓa saya ramamme ka ɗaure a gida?”

“Sakar mini riga, Baba.”

“Kwana nawa kake ba shi kafin ka ce ba zai yi ƙiba ba? Kwana biyu?”

“Wata uku, wani huɗu. Ina ruwan wannan da wancan?”

“To ka ba 'yarka abin da kake ba sa. Wata uku nake roƙo.”

Mahauci ya tsaya yana huci. Can ya ce, “Na ba ka. Ranar da suka cika zan kawo takardar da ba mahalukin da ya taɓa karanta mata. In ta karanta, ta zauna a makaranta. In ta kasa, ta fita har abada, kai kuma ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka ce ka ɓata mini 'ya.”

“Na yarda.”

Kashegari aka tashe shi daga jikin bango. Kafin mako ya zagayo wani mai rake ya kafa teburinsa a wurin. Baba Ilu ya koma bayan gari kusa da wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe, inda ba inuwa sai ta wani guntun gini, ba kuma mai giftawa sai awaki. Igiya ta taru a gida ba mai tayawa. Wannan duk bai dame shi kamar abu ɗaya ba: Hansai ba ta zo ba. Ya aika mata inda yake, ba ta zo ba. Rana ta farko ya shimfiɗa tabarma ya jera baƙaƙensa ya jira har rana ta yi sanyi, ya tattara. Ta biyu haka. Ta uku haka.

Yalwa ta ce, “Malam, ka rasa inuwa, ka rasa ciniki, an yi maka dariya a titi, wadda ka yi dominta ma ta guje ka. Wa kake jerawa, awaki?”

“Kwana uku suka tafi, saura tamanin da bakwai. Miƙo mini jakar baƙaƙen.”

Rana ta biyar ya ji takun da ya sani. Ta tsaya nesa, ba gaisuwa.

“Kai ka ce ba za ka faɗa ba.”

“Na ce ba zan kai ƙara ba, ban kai ba. Na kuma ce in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Kin manta wannan rabin?”

“Yanzu a aji 'Yar Makaho suke ce mini. Malam ya mayar da ni bencin baya.”

“Kina da gaskiyar yin fushi. Amma ki yi shi a zaune, lokaci na tafiya. Miƙo hannu.”

Ta daɗe a tsaye. Sa'an nan ta zauna ta miƙa hannun.

Daga ranar ba fashi. Ana tashi makaranta ta biyo ta rijiya. Littafi ya ƙare musu, suka koma duk abin da ke da rubutu: takardar da aka ƙunshe ƙosai, jikin buhu, gwangwanin madara. In ta karanta abin da bai yi ma'ana ba ya ce, “Haba, wane mahaukaci ne zai rubuta haka? Sake dubawa.” Akwai ranar da ta yi jifa da takarda ta ce ita kanta dutse ne. Ya ce, “Dutsen da ya haddace littafi guda da ji biyu? Kawo kan in saya.” Ta yi dariya ba ta so ba, ta je ta ɗauko takardar.

Ana cikin wata na biyu, wata rana ya ji an jingine keke a jikin guntun ginin, mutum ya tsaya bai yi magana ba.

“Malam Sadisu, sannu da zuwa. Sarƙar kekenka na son mai.”

Malam ya yi sallama a kunyace ya tsuguna. Ya ce, “Baba, abin nan ya hana ni sukuni. Jiya na kira 'yan ajina ɗaya ɗaya na ba su abin da ba su taɓa ji ba. Goma sha bakwai.”

“Suka karanta?”

“Suka kasa. Shekara guda ina faɗa suna amsawa, ina cewa ina koyarwa.”

Da wani ne, da ya ce ai na gaya maka. Baba Ilu cewa ya yi, “Yara saba'in a kan mutum ɗaya, ko uwa ce sai wani ya ɓace mata. Ba ka da laifin da ya kai na wanda ya sani ya yi shiru. Zauna in nuna maka yadda ake jiƙa ƙaro.” Malam ya tafi da jaka guda ta baƙaƙen igiya a bayan kekensa. Inuwar dai ba ta dawo ba, mai rake ya riga ya yi saiwa. Haka duniya take, ba kullum take biyan mutum a nan take ba.

Wata uku suka cika ranar wata kasuwa. Da hantsi jama'a suka taru a bakin tukuba, Yalwa ta jawo Baba Ilu ta zaunar da shi a kan benci. Ɗan'azumi ya zaro ambulan daga aljihu, a liƙe. Ya ce wasiƙa ce daga yayansa da ke fataucin goro a Kurmi, da safen nan direban babbar mota ya miƙa masa, ko shi bai san abin da ke ciki ba. Ya yage bakin ya miƙa wa 'yarsa.

Rubutun hannu ne, jama'a, ba na littafi ba, irin na masu rubuta wasiƙa a bakin tasha, baƙaƙe na hawa kan juna.

Baba Ilu ya ce, “Hansai, ba tsere ake ba. Kama su ɗaya ɗaya, ta wuya.”

Ta sa yatsa. “Gai... gaisu... wa. Gaisuwa mai... ya... yawa. Da fa... tan...”

Wani daga baya ya ce, “Kai, wannan ko ni na iya! Wace wasiƙa ce ba da haka take farawa ba?” Aka yi guna-guni, uban ya haɗe rai.

Ta ci gaba, gumi na bin wuyanta. “Zu... wa ga... ƙa... ƙanena...” Sai ta tsaya cak.

Baba Ilu ya matse sandarsa.

Ɗan'azumi ya ce, “Ta ƙare ke nan?”

“A'a, Baba. Na gane ta. Nauyin faɗa nake ji.”

“Karanta abin da ke nan!”

Ta sunkuyar da kai. “Zuwa ga ƙanena... Lashe-Tukunya.”

Wuƙar da ke hannun mahauci ta faɗi a kan tire. Sunan nan mahaifiyarsu ce ta laƙaba masa yana ɗan shekara huɗu, a wani gari can daban, ta kuwa rasu tun kafin ya yi aure. A duk faɗin garin nan ba wanda ya taɓa jin sa, shi da yayansa kaɗai suka rage da shi a duniya. Ba inda yarinya za ta ji shi ta haddace. A takarda ta tsinto shi, da idonta.

Kasuwa ta ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma ya buɗe baki zai yi dariyar, sai ga hawaye. Ya goge da bayan hannu ya ce, “Ci gaba, uwata. Ci gaba, kowa ya yi mana shiru!”

Ta ci gaba. Wasiƙar da malami zai gama kafin ka sha kofin ruwa, sai da tsire ya ƙone a wuta ba wanda ya kula. Ta yi tuntuɓe, ta koma, ta gyara, har ta kai inda yayan ya ce matarsa ta sauka an samu tagwaye, har ta kai sa hannu. Ta ɗago kai.

Ɗan'azumi ya ce, “Gobe da sassafe ki tafi makaranta. Duk wanda ya ƙara ce miki wani suna ki turo shi tukuba.” Sa'an nan ya zo ya durƙusa gaban Baba Ilu, ƙato da shi, ya ce, “Baba, ni ne zan tsaya a tsakiyar kasuwa. Ka yafe mini.”

“Tashi, ba ka yi mini komai ba. In kana son ka yi wani abu, kullum in ta dawo ka zaunar da ita ta karanta maka, ko layi biyu ne.”

“Baba, ni da ban san ko alif ba?”

“Ni da na sani ina ganin takardar ne? Kai dai ka saurara. Yanzu a ɗanɗana mana ƙonannen tsiren nan, Malam Lashe-Tukunya.”

Sunan ya bi shi har tsufansa, bai kuma taɓa jin haushi ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Yaron da karatu ke ba wuya ba daƙiƙi ba ne, ba kuma lalaci ba ne. Sau da yawa ya fi ku wahala, domin shi yake kwana da abin ya tashi da shi, yana ɓoyewa don tsoron bulalarku da bakinku. Wani ya ɓuya a bencin baya, wani ya ɓuya a cikin amshi, wani ma a cikin yabon da kuke masa ya ɓuya. Mu kuwa mun iya sayen littafi da ɗinka kayan makaranta, mun iya zagin malamai in sakamako ya fito, amma zama na rabin sa'a a ji abin da ke fita daga bakin yaro, wannan ya gagare mu. Kowa na da uzuri. Wannan ya ce kasuwa, wancan ya ce ni ban yi boko ba. Mutumin da na ba ku labari ido ma ba shi da shi. Abin da yake da shi kunne ne, da haƙuri, da gaskiyar da ya faɗa ranar da ta fi ƙarya tsada, ya kuma tsaya ya ɗauki nauyin abin da gaskiyar ta jawo. Domin tona matsalar yaro ka tafi ka bar shi, wannan tozarci ne. Taimako shi ne ka tona, ka zauna.

Ranar da za a tambaye mu amanar 'ya'yan nan, ba za a karɓi cewa ba mu sani ba, alhali a ɗakinmu suke kwana. Saboda haka duk mai yaro a gabansa, nasa ne ko na ɗan'uwa ko na maƙwabci, yau ɗin nan kafin rana ta faɗi ya shimfiɗa tabarma ya kira shi ya ce karanta mini. In ya zuba, ka gode wa Allah. In ya yi tuntuɓe, kada ka ɗaga hannu, kada ka yi tsaki, kada ka kira masa sunan ɗan wane da ya fi shi. Ka rufe bakinka ka jira shi. Gobe ma ka sake shimfiɗa tabarmar.

Allah ya ba mu haƙurin zama da su, ya buɗe musu abin da ya rufe.